Fatihar da Aka Shafa Kafin a Ji Mu

Zuwa ga Mai Girma Umda Alhaji Abdulƙadir na Hillar Malamai, shugaban lajna, wato kwamitin dattawan Hausawa na yankin Suki.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa irin wadda ta dace da rawaninka, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Rakiya da 'ya'ya da jikoki da dukan mutanen hilla, wato ƙauyenku. Ina kuma tambayar ciwon gwiwar nan taka, Allah shi ƙara sauƙi.

Ranka ya daɗe, kai ka san ni ciki da waje. Amma tunda takardar nan buɗaɗɗiya ce, kuma na san za a karanta ta a rumfunan shayi tun daga Abu Hujar har Mai Wurno, bari in faɗi ko ni wane ne saboda wanda bai sani ba. Sunana Isiyaku, ni ne mai tsohuwar haflar nan shuɗiya, motar bas da ke jigilar mutane tsakanin Suki da Sinnar. A Kambon Jatau aka haife ni, nan aka haifi ubana. Kambo kuwa zango ne da aka kafa wa kakanninmu a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, lokacin da suka tsaya cirar auduga a kan hanyarsu ta Makka. An ce su zauna zuwa ƙarshen kaka. Har yau muna nan, kuma har yau a takardun hukuma babu mu. Ba mu da makaranta, ba mu da izinin gini da jan tubali, sai laka da ciyawa, don ranar da aka ce mu tashi mu tashi ba gardama.

Ranar kuwa ta matso. An zo an faɗa mana da baki cewa da an girbe dawar bana za a faɗaɗa tur'a, kuma gidajenmu suna kan hanya. Abu ɗaya ne zai tsayar da wannan, shi ne a buɗe wa kambon rajista a matsayin ƙauye kafin girbi. Wanda zai sa hannu a buɗe kuwa shi ne wazirin wilaya, jihar nan tamu, mai kula da filaye da matsuguni, wato minista a faɗar 'yan'uwanmu na yamma. Wannan ita ce kujerar da aka ce Hausawa su kawo mutum ɗaya a ɗora, kai kuma aka danƙa wa jagorancin zaɓo shi. A kan yadda ka zaɓo shi nake rubuto maka.

Da Larabci hannuna ya fi sauri, kamar kowa a nan. Da gangan na rubuta da Hausa, domin ba na son maƙwabta su ji abin da muka yi wa junanmu.

Na ɗaya, alkawarin da ka ɗauka.

Lokacin da yaƙi ya iso yankinmu, hilla ce a bakin titi, ita aka fara shiga. Kambo yana can ƙuryar gonaki, babu abin ɗauka a cikinsa, babu wanda ya damu da shi. Da hantsi na tsaya da hafla a ƙofar gidanka na kwashe ku, Hajiya tana rungume da jakar magungunanta, kai da takalmi wari ɗaya. Na yi ta komawa ina ɗebo mutanen hilla har mai ya ƙare mini. Kuka yi damina cur a wurinmu. Ba gori nake yi ba, Allah shi tsare ni da gori, kuma na tabbata da mu abin ya samu da kun buɗe mana ƙofa. Ina tuna maka ne saboda a lokacin ka ga zamanmu da idonka. A kan gadona na igiya ka kwanta, ni ina kan tabarma, ruwa yana ɗiga mana daga jinka. Ka ga matanmu suna ɗibar ruwan sha inda jakuna ke sa baki. Kana cikinmu ranar da muka ɗauki gawar tsoho Ɗanladi cikin taɓo, muka tsaya muna roƙon mai gona ya bar mu mu ratsa zuwa maƙabarta.

Wata la'asar bayan salla, a masallacinmu na zana, ka miƙe da sandarka ka kama hannuna ka ɗaga. Ka ce, "Wallahi ban san haka kuke ba. Daga yau babu ɗan hilla babu ɗan kambo. In Allah ya mai da mu gida, maganar wanga kambo ita ce ta farko a bakina." Sannan ka ce in daina ce maka ranka ya daɗe, in riƙa ce maka Yaya. Ni kuwa na ɗauka da gaske. A tasha direbobi 'yan'uwana suna tsokanata, "Ku ba shi hanya, ƙanen Umda ne," ina ta washe baki kamar sabon ango. Yanzu in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Na biyu, ma'aunin da ka kafa da bakinka.

Da aka dawo gida maganar kujera ta taso, mutum biyu suka fito: Dakta Mu'azu ɗan Hillar Malamai, da Injiniya Habu ɗan Kambon Gada, maƙwabtanmu. Ka aika wa kowane ƙauye da kowane kambo ya turo wakilai. Ka ce wannan karon ba za a yi irin ta da ba, abu uku za a duba: karatun mutum, aikin da ya taɓa riƙewa da yadda ya riƙe shi, sannan abin da zai yi wa waɗanda ake shirin tasa. Ka ce kowanne zai miƙe ya yi magana a gaban jama'a, kowane wakili kuma yana da damar yi masa tambaya.

Tsofaffinmu ba su yarda ba. Baba Tanko, wanda ya fi kowa shekaru a kambon, ya ce mini, "Isiyaku, taron hilla mu dai cin tuwo ke kai mu, sai amin." Ni na bi su gida-gida. Na ce musu wannan ba Umdan da suka sani da ba ne, ɗaki ɗaya na kwana da shi, na ji rantsuwarsa da kunnena, su ma sun ji. Da mutuncina na tsaya maka a gabansu, ban san abin da ke ranka ba.

Na uku, mutanen biyu kamar yadda na san su.

Tunda ba a bar kowa ya auna su a taro ba, zan auna a nan, kuma zan yi ƙoƙari in yi adalci ko da raina a ɓace yake.

Dakta Mu'azu ya yi karatu, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba. Shari'a ya karanta har inda ake tsayawa, ya koyar a jami'a a Hartum, daga nan ya tafi ƙasashen Larabawa ya daɗe yana ba manyan kamfanoni shawara. In ya buɗe baki da Larabci sai majalisa ta yi tsit. Yana da hannun kyauta, kuma a lokacin gudu buhunan garin da ya aiko sun iso har kambonmu, ni na ɗauko su. Irinsa ne zai zauna da wali, wato gwamna, da sauran wazirai ba wanda zai taka shi. Amma bai taɓa riƙe ofishin da talaka ke tsayawa a layi a ƙofarsa ba. Tun yana yaro aka kai shi makaranta birni, bai sake yin damina a nan ba. Maganar filaye a littafi ya san ta.

Injiniya Habu ba shi da dakta a gaban sunansa. Awon ƙasa ya fara karantawa, yana aiki yana ƙaro karatu har ya sami digiri. Rayuwarsa duk a ofisoshin filaye ya yi ta, daga wannan ƙaramar hukuma zuwa waccan, har ya zama mataimakin shugaban gudanarwa. Da hannunsa ya buɗe wa ƙauyukan wasu ƙabilu rajista, ya san ƙofar da ake fara bugawa da teburin da takarda ke kwanciya ta mutu. Shi ma yana da nasa. Zuciya gare shi, gaisuwarsa gajera ce, kuma bai iya lallashin manya ba, wanda kujerar siyasa tana buƙata. Na taɓa zuwa wurinsa neman wurin rumfa a tasha, ya dube ni ya ce, "Baba Isiyaku, ba layinka ba ne, akwai na gabanka." Na daɗe ina ganinsa ina kau da kai. Don haka kada wani ya ce ɗan gidana nake tallatawa.

To wanne ya fi? Ranka ya daɗe, ban sani ba, kuma abin da ke cin raina ke nan. Wataƙila da an auna, dattawa su ce kujerar ta fi son mai baki da sanin doka, su ɗauki Dakta su sa Habu a bayansa. Da na sha ruwa na koma gida, wallahi da ba ka ga takardata ba. Wataƙila kuma su ce gobara ce a gabanmu, a ba wanda ya taɓa kashe irinta. Ni dai na san da zan ba wani haflata ya tuƙa cike da mutane, lasisinsa zan duba da hanyoyin da ya taɓa bi, sannan in zauna a gefensa in ga hannunsa. Abin da muka zo yi ke nan, abin da ka ce za a yi.

Na huɗu, abin da ya faru ranar taro.

Ranar Juma'a ce bayan an sauko, a farfajiyar masallacin hilla. Na cika hafla da tsofaffin kambo, kowa da jallabiyarsa ta Salla. An tarbe mu da kyau, ba zan ɓoye ba. Aka ci, aka zagaya da jabana, wato gahawa, aka shimfiɗa tabarmi. Dakta yana damanka, Habu yana can gefe kusa da mu.

Muna jiran ka ce wane ya miƙe, sai ka ce Malam Sambo ya fara yi mana tuni da magabata. Malam Sambo shi ne tsohon da ya haddace asalin gidaje, kuma babu taron hilla da ba ya buɗewa, don haka ba mu ga komai a ciki ba. Ya fara da ayarin hijira da ya taso daga Sakkwato, wa ya zo da wa, wa ya mutu a hanya, wa ya fara kafa bukka a bakin kogi. Ya zo kan kakan Dakta, ya ce shi ne ya ɗauko littattafan malamai a kansa tun daga yamma har nan. Jama'a suka yi ta masha Allah, mu ma muka yi, domin abin alfaharin kowane Bahaushe ne. Da ya zo kan Habu sai ya yi gyaran murya ya ce, "Shi kuwa kakansa daga baya ya zo, cikin masu cirar auduga. Allah shi jiƙan kowa." Ya zauna.

Sai kai ka ce, "To jama'a, kun ji. Dattawa sun ga inda ya dace, Dakta Mu'azu ne. Liman, Fatiha."

Saboda wanda ba ɗan nan ba, bari in yi bayani. A wurinmu Fatiha ita ce hatimin magana. Ko aure ne, ko sulhun jini, ko rikicin iyakar gona, da an ɗaga hannu an shafa magana ta mutu, wanda ya sake tono ta mutane za su janye jiki daga gare shi. Saboda wannan nauyi nata ne kakanni suka yi mata sharaɗi. Kafin liman ya ɗaga hannu, shugaban taro zai dubi dama ya dubi hagu ya tambaya har sau uku, "Akwai mai sauran magana?" Ko mafi ƙanƙanta a wurin ne ya ce akwai, sai an saurare shi. Kai ka fi ni sanin wannan. Na ga ranar da ka tsayar da liman hannunsa na sama a sulhun makiyaya da manoma, don wani ya motsa baki.

Ran nan ko sau ɗaya ba ka tambaya ba. Ba ka dubi dama ba, ba ka dubi hagu ba, carbinka ka zuba wa ido. Liman ya fara, hannaye suka tashi, nawa ma suka tashi. Wane Musulmi ne zai ji an fara Bismillahi ya naɗe hannu, ko ya katse liman ya ce yana da tambaya? Ka san ba za mu iya ba, shi ya sa ka yi haka. Da ka yi mana tsawa ka ce mu yi shiru, da mun san da wa muke faɗa. Sai ka rufe mana baki da abin da muke girmamawa fiye da komai, muka shafa da hannunmu muka ce amin. Wannan cin amana ne, ranka ya daɗe, na duba ban sami wani suna da zan ba shi ba.

Habu ya shafa, ya miƙe ya je ya ba Dakta hannu, ya sa takalmansa ya tafi. Dakta ma ba a bar shi ya yi magana ba, kuma na ga fuskarsa, mutumin ya zo da shirinsa, kunya ce ta kama shi. Shi ma ka zalunce shi. Duk karatun nan nasa ba da shi aka zaɓe shi ba, da kayan da kakansa ya ɗauko aka zaɓe shi, kuma duk wanda ya zauna a farfajiyar nan ya sani.

Muka hau hafla muka kama hanyar gida. Da muka iso, Baba Tanko yana sauka ya dafa kafaɗata ya ce, "Isiyaku, tuwon dai ya yi daɗi." Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na biyar, abin da ka faɗa mini a zaurenka.

Ban ruga rubutu ba. Sai da na zo gidanka na same ka, mu biyu, na tambaye ka dalili. Ka ce, "Ma'alesh, yi haƙuri ya Isiyaku, kai ba ka san siyasa ba. Kujera ɗaya aka ba mu, kuma ido na kanmu. In muka kai ɗan kambo, sai a ce ashe duk Hausawa haka suke, baƙi ne jiya suka zo. Dole mu nuna musu mai gida da asali." Haka ka faɗa, in na ƙara ko na rage Allah na gani.

Na gane tsoronka, domin ni ma da shi na tashi. Babu Bahaushen ƙasar nan da bai taɓa tsayawa gaban wani ma'aikaci ana jujjuya takardarsa ana tambayar inda aka haifi kakansa ba. Amma ranka ya daɗe, a wane shingen bincike ne aka taɓa tambayar mutum ko kakansa littafi ya ɗauko ko buhun auduga? Ni nake tuƙa mutanen hilla da na kambo a mota ɗaya. In aka tsayar da mu, kallo ɗaya ake yi mana, suna ɗaya ake kiranmu da shi, layi ɗaya ake jera mu. Wannan bambanci na ayarin farko da ayarin baya mu kaɗai muka san shi, mu kaɗai muke riƙe da shi. Tambayar da ke ƙona mu in wani ya yi mana ita, ita ka ɗauko ka yi wa Habu a gaban masallaci.

Kuma ka lura da abin da maganarka ke nufi. Kujerar da za ta yanke hukunci a kan kambo ita ce ka ce ɗan kambo abin kunya ne a kanta. Mun isa ku fake a ɗakunanmu, amma ba mu isa a nuna mu a gaban mutane ba. Na fito daga zaurenka na zauna a mota na daɗe ban iya tayar da ita ba.

Na shida, inda ake yanzu.

An karɓi sunan Dakta, ya hau kujera, Allah shi taya shi riƙo. Na same shi a wani zaman makoki a Suki na kai masa kukanmu. Ya miƙe tsaye ya karɓi hannuna da hannu biyu, mutum ne mai ladabi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ta wane gefe kambon namu yake. Daga kan soron gidan kakansa ana hango hayaƙin girkinmu. Ban ga laifinsa ba, ba a nan ya girma ba. Ya ce zai nazarci lamarin, doka tana da matakai, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai dawa ba ta jiran nazari, ta riga ta fitar da kai.

Na je wurin Habu na ce ya zo mu yi magana da babbar murya. Ya ce, "Baba Isiyaku, halas, magana ta ƙare, an shafa. Ni ba zan zama wanda ya tono Fatiha ba. In waziri ya neme ni zan yi masa aiki, in bai neme ni ba ba zan cusa kaina ba." Har yau ba a neme shi ba, domin wanda zai haɗa su kai ne, kai kuwa tun ranar taro ko hanyar kambo ba ka kalla ba.

Na san abin da za a ce a kaina, Isiyaku ya tono abin da aka shafa. An fara ma, akwai waɗanda suka daina shiga haflata. Ina so kowa ya ji: ban warware Fatiha ba. Dakta Mu'azu waziri ne, na karɓa, ba na neman a sauke shi. Tambayar da ake yi kafin Fatiha nake nema, wadda haƙƙinmu ce aka tsallake. Ba a tambaye ni ba, amma ina da sauran magana, ga ta nan na faɗa.

Abin da nake roƙo.

Na farko, ka sake tara wakilan nan a farfajiyar nan, ka dubi dama ka dubi hagu ka yi tambayar sau uku. A bar Dakta ya faɗi abin da ya shirya bai samu ya faɗa ba, a bar Habu ya faɗi nasa, mu yi musu tambayoyinmu. Ba don a canza suna ba, don a san abin da kowanne ya iya, a haɗa su aiki ɗaya. Kuma don gobe in wata kujera ta fito, kada a sake kiran Malam Sambo a madadin ma'auni.

Na biyu, ka kawo waziri Kambon Jatau da kanka kafin a sa lauje a dawa. In babu mota, tawa tana nan. Ya ga wurin, Habu ya nuna masa ƙofar da ake fara bugawa, a buɗe mana rajista.

Na uku, maganar da ka faɗa mini a zaure, ko ka maimaita ta a gaban mutanen kambo su ji matsayinsu daga bakinka, ko ka janye ta a gabansu.

Na ƙarshe kuma nawa ne ni kaɗai. Bayan rantsuwarka, da rani ya shigo, na sauka bakin kogi ni da surukina muka buga tubali muka ƙona. Na riƙa cire kujerun baya ina kawo su kaɗan-kaɗan, na jera a bayan gida na rufe da ciyawa. Maƙwabta suna dariya, ina ce musu su jira su gani. Ɗaki ɗaya nake so in gina wa matata Hadiza, wadda tun da na auro ta kowace damina sai ta yi yaɓe, hannayenta duk sun tsage. Shekaranjiya da safe ɗanka Nasiru ya yi sallama a ƙofata. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce za a gina babban ɗakin baƙi a gidanka don tarbar waziri, kuma an ce ina da tubali mai kyau a ajiye. Ya ce, "Baba ya ce ka faɗi kuɗinsu, tunda ku tashi za ku yi." Hadiza tana bayan zana tana wanke-wanke, na ji ta tsaya.

Na ce masa sai na ji daga gare ka. Ina so in sani, ranka ya daɗe, shin maganar Nasiru ce ko taka ce? In kuskuren baki ne irin na matasa, ka zo da waziri, ka same ni ina haƙa tushe. In kuwa kai ka aiko shi da ita, to ka riga ka san abin da mu ba a faɗa mana ba tukuna. In haka ne kada ka aiko da kuɗi, kada ka aiko da yaro. Tubalin kyauta ne. Ka zo da kanka ka tsaya a ƙofar ɗakin da ka yi damina a ciki, ka faɗa wa Hadiza, sannan ka sa a loda.

Ina roƙon Allah shi ja zamaninka, shi ba ka lafiya, shi nuna maka gaskiya shi ba ka ikon binta. Allah shi yi wa waziri jagora, shi ba Habu haƙuri, shi zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah kada shi nuna wa jikokinka ranar da za a tsaya a ƙofarsu a ce su tashi.

Wassalam.

Naka mai girmama ka,
Isiyaku Direba,
Kambon Jatau, bakin tur'a.